Tarihin Inuwa a Gundumomin Birnin Kudu da Gwaram

Duk ma'aikacin da ya taɓa fita rangadi a ƙasar Gwaram ran bazara, sa'ad da iska ta tsaya cik, hadari yana haɗuwa bai zubo ba, ya san inuwa ba abin rainawa ba ce. Mutanen da suka fara zama a wannan ƙasa sun riga mu sani. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, a ƙarƙashin duwatsun da suka yi rumfa, nan suka fake har suka zana shanunsu.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka yanka gundumomi wajen 1908, aikin En'e ya zama na zaure da gindin itace. Hakimi yana zaure, dagatai suna kan dakali, masu ƙara da masu kawo haraji suna ƙarƙashin tsamiya ko ceɗiya, suna jira a kira su.

Zauren nan kuwa da hikima aka yi shi. Magina sukan jera tubali su yi bango mai kauri, a sama su ɗaura azara, su zuba ƙasa. Da rana bangon yana shan zafi a hankali, ba ya kai shi ciki sai dare ya yi, lokacin kuwa fada ta watse. Ƙofa biyu ne, ba su duban juna sosai, watau iska ta ratsa amma ido kada ya shiga gida. Tun da azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai su ɗaura bakan gizo su ɗaga rufin, zafi ya taru can sama nesa da kan mutane. Aibinsa ɗaya ne, kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in ba haka ba ya yi yoyo.

Wannan wahala ce ta buɗe wa kwano hanya bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kwano ba ya son yaɓe, gaskiya ne, amma ofishin da aka rufa da shi babu silin, da azahar malami ba ya iya riƙe alƙalami don gumi. A ganinmu, an sayi hutun damina ne da wahalar bazara.

Abin da ya rage zafin lamarin shi ne darbejiya. Asalinta daga Indiya take, aka shigo da ita Borno a 1928, daga baya ma'aikatan gandun daji suka yi ta dasa ta a bakin hanya da kasuwa da harabar makaranta. Ba ta kaɗe ganye da rani kamar kuka, ba ta kuma neman ban ruwa in ta kama. En'e ta kau, ƙananan hukumomi suka gaje ta a 1976, ƙasar ta koma Jihar Jigawa a 1991, amma har yanzu mai jiran sa hannu a ƙofar ofis gindin darbejiya yake nema.