Ƙaho da Sassaƙe: Yadda Maganin Bahaushe Ya Ginu a kan Lokutan Shekara

A ƙasar Hausa kowane lokaci na shekara da irin maganinsa. Da hunturu ya kama, kasuwar citta da kanumfari da masoro da man kaɗanya takan buɗe, saboda mura da tari da faso. Bazara na tsananta sai a koma wa jiƙon tsamiya da zoɓo, wanzamai kuma su yi ta karɓar masu neman ƙaho. Ruwa na sauka sai tukunyar sassaƙen maɗaci da ganyen darbejiya ta hau murhu, domin an san zazzaɓi na tafe. Masu magana a kan wannan tsari sun rabu gida biyu. Wasu na ganin tarkacen jahilci ne da asibiti ya kamata ya share. Wasu kuma na ganin gado ne da ya zo daga kakanni a kammale, babu abin da za a taɓa a cikinsa. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya nuna shi ne an daɗe ana gina wannan sani kaɗan-kaɗan, daga abin da manomi ya lura da shi, da abin da malami ya karanto, da abin da baƙo ya shigo da shi, kuma a kowane zamani ana ɗauka ana zubarwa. Saboda haka mai auna maganin gargajiya a yau ya fi mai hana a auna shi kusa da tafarkin waɗanda suka kafa shi.

Tushen farko shi ne zaman gona da daji. Manomi da maharbi da makiyayi sun rayu a ƙasar da shekara ta rabu sarai zuwa rani da bazara da damina da kaka, kuma ba sai an gaya musu ba, sun ga cututtuka na bin wannan rabo. Ƙyanda da sanƙarau sun fi ɓarna da rani zuwa bazara, zazzaɓi da gudawa sun fi yawa da damina, ciwon ƙirji da bushewar fata kuwa na hunturu ne. Daga nan aikin warkarwa ya rarrabu ya zama sana'o'in gado. Maɗori ya riƙe karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, yana ja yana tausa yana ɗaure gaɓa da karare. Ungozoma ta riƙe haihuwa da jego, da gasa jikin mai jego da murza cikinta. Boka da 'yar mai ganye da maharbi suka riƙe saiwa da sassaƙe da ganye. Wanzami kuma ya riƙe duk abin da ya shafi aska, tun daga askin suna da kaciya har zuwa sakiya da ƙaho, sana'ar ta yi ƙarfin da har sarakuna suka naɗa Sarkin Aska. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne fahimtar da ke cewa jiki na son daidaito, sanyi idan ya shige shi yakan zauna a gaɓoɓi da mara, zafi idan ya yi yawa yakan tayar da jini, kuma hikima ita ce a tari kowannensu kafin ya kwantar da mutum.

Aikin ƙaho ya isa misali. Wanzami yakan zaunar da mutum a inuwa, ya buɗe zabira ya fito da ƙahonin sa da aka yanke aka goge, kowanne da 'yar huda a tsininsa. Ya kifa bakin ƙahon a ƙeya ko a tsakanin kafaɗu ko a gadon baya, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe hudar. Idan fata ta tasa ta yi tudu sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage marasa zurfi da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi, ya juye baƙin gudan jini a ƙasa, ya nuna wa mai jikin a matsayin mataccen jinin da ke sa shi kasala da ciwon baya. An fi neman wannan aiki lokacin zafi, kuma wanzamin kirki ba ya yi wa mai jin yunwa ƙwarai ko wanda jininsa ya yi ƙasa. Wannan ƙa'ida ta lokaci da ta yanayin jiki ita ce ta kai mu ga tushe na biyu, domin ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san ta ba.

Tun wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitocin Girka da ke bin Buƙuraɗu, wanda Turawa ke kira Hippocrates, suka rubuta cewa likita ya fara da sanin iska da ruwa da lokutan shekara na garin da zai yi aiki. Jalinusu, wanda aka haifa a shekara ta 129, ya tsara wannan tunani a kan ruwaye huɗu na jiki, wato jini da majina da ɗaci ja da ɗaci baƙi, kowanne da lokacin da yake rinjaye, kuma ya ga dacewar a rage jini idan sanyi ya wuce ɗumi ya shigo. A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya mayar da littattafan Jalinusu da dama zuwa Larabci. Ibn Sina ya kammala Al-Ƙanun a 1025, Az-Zahrawi na Andalus kuma ya yi bayanin ƙoƙunan ƙaho da wuraren da ake kafa su. A gefe guda hadisai sun tabbatar da cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho har ya biya mai yin, wasu ruwayoyi kuma sun ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga wata. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya haɗa ɓangarorin biyu a babin magani na Zadul Ma'ad, inda ya bayyana cewa ƙaho ya fi tsaga jijiya dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi. Ke nan manyan malamai ma ba su ɗauki magani abu ɗaya ga kowa a ko'ina ba, sun duba ƙasa da lokaci da jikin mai jinya.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa tare da ayarin fatake da alhazai da malamai, tun zuwan Wangarawa Kano a ƙarni na 14. Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, kuma littattafan magani masu ɗauke da sunansa sun yaɗu a zaurukan malamai. Ta wannan hanya habbatus sauda da hulba da zuma suka zauna kusa da sabara da marke da bagaruwa a cikin haɗi guda. Zamanin Daular Usmaniyya ne abin ya kai matakin rubutun gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai da dama a kan magani, daga ciki akwai na basir da na ciwon ido da na amfanin filasko wajen wanke ciki. Abin lura shi ne wannan malami da ya san littattafan Larabawa, ya kuma san itatuwan ƙasarsa, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a turo masa likita. Bai ga cewa neman sanin wani ya rage darajar nasa ba.

Zuwan Turawa ya kawo asibiti da allura, amma bai tsayar da aron da ake yi ba. Darbejiya, wadda yau ake lissafa ta a sahun gaba na maganin gargajiya, itaciyar Indiya ce, kuma sai a shekarun 1920 aka fara dasa ta a Borno don inuwa da itacen wuta. Cikin ƙasa da shekara ɗari ta shiga surace da wanka da jiƙo har an manta baƙuwa ce. Gwaiba da gwanda ma daga nahiyar Amurka suka fito. A ɗaya ɓangaren, likitan gwamnatin mulkin mallaka J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda ya dogara ƙwarai da abin da masu ganye suka sani.

Mai cewa duk camfi ne yana da hujjar da ba za a raina ba: ruwaye huɗu na Jalinusu ba su tabbata ba, kuma baƙin jinin da ke cikin ƙaho jini ne kawai da ya daskare. Sai dai kuskuren bayani bai rushe ingancin lura ba. Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka yi bincike a wani ƙauyen Kano tun shekarun 1970, sun gano cewa yawancin tsirran da ake ci a matsayin abinci ana kuma shan su a matsayin magani, kuma wasu ganyayen da ake ci da damina na ɗauke da sinadaran da ke takura wa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Filaskon da Muhammadu Bello ya yi wa littafi har yau daga danginsa ake sarrafa maganin taurin ciki da ake sayarwa a kemis. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi. Babbar shaida kuwa ita ce asibiti da kansa ya dawo kan lissafin lokaci. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata a tsawon damina, tun ba su kwanta ba. Ƙwayar sabuwa ce, amma tunanin tarar cuta a lokacinta tsoho ne.

Mai cewa gado ne da ba a taɓawa shi ma tarihi ya ba shi amsa, kuma amsar mai ɗaci ce. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya. Sun danganta yawan ciwon da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa, kuma sun lura abin ya fi ƙamari a wani lokaci na shekara. Al'adar da aka kafa don korar sanyi ta zama illa da aka daina duba lokaci da ƙarfin jiki. Haka aska ɗaya da ke yawo daga jiki zuwa jiki take yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, cire belu yake jawo zubar jini ga jarirai, yankan gishiri kuma yake jefa mata cikin yoyon fitsari. Sanin cewa sanƙarau na zuwa da zafi bai hana annobar 1996 kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000 ba. Allurar rigakafin da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ce ta karya lagon nau'in da ya fi kisa. Kasancewar ƙaho yana da asali a sunna bai halatta ƙazamar aska ba, bai kuma mayar da shi maganin kowace cuta ba. Abin da gwaje-gwajen zamani suka nuna game da shi bai wuce ɗan sauƙin ciwon baya da na wuya na wani lokaci ba.

Akwai masu tsoron cewa awo da rajista za su kashe sana'ar, ko su miƙa sirrinta ga kamfanonin waje. Tsoron yana da dalili, kuma maganinsa shi ne doka mai kare haƙƙin masu sani. Amma abin da ya faru a Sin ya nuna inda awo ke kaiwa. Tu Youyou ta koma ga tsofaffin littattafan maganin ƙasarta, ta tace sinadarin atimisinin daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970, yau shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓi a duniya, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Tun taron Alma-Ata na 1978 aka amince masu maganin gargajiya na da gurbi a kiwon lafiya matakin farko, Nijeriya ta kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC a 1993, Afirka kuma ta ware 31 ga Agusta ta zama ranar maganin gargajiya. Wanda ke cutar da sana'ar a yau shi ne mai lasifika a tasha, da ke sayar da jarka ɗaya don basir da sanyi da suga da hawan jini, babu ma'auni babu lokaci. Wannan bai gaji wanzamin da ke duba ƙarfin mutum kafin ya kafa ƙaho ba, bai kuma gaji Muhammadu Bello da ya ware wa ciwo guda littafi ba.

Saboda haka aikin da ke gaban jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai shi ne su zauna da tsofaffin masu ganye da maɗora da ungozomomi su rubuta abin da suka sani tun suna raye, su auna shi, su bayyana wa jama'a da Hausa abin da ya yi aiki da abin da ke cutarwa. Sarakunan aska su wajabta sabuwar reza ga kowane mutum. Mai gida kuma ya ci gaba da shirya wa hunturu da bazara da damina kamar yadda ya gada, amma idan zazzaɓi ya kama yaro a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya jiran jiƙo.