Jiragen Ceto na Sojan Ruwan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu

Ba kasafai masana tarihi ke ambaton ƙananan jiragen da ke janyo jiragen yaƙin da aka illata ba. Alhali kuwa Japan ba ta iya ƙera jirage da saurin Amurka, saboda haka ceto ya zame mata tilas. Aikin irin su Nagaura shi ne kashe gobara, zuƙe ruwa, da janyo jirgi zuwa sansani kamar Truk a tekun Fasifik, inda jirgin gyara Akashi yake. A Fabrairun 1944 Amurkawa suka nutsar da Nagaura kusa da Kavieng, yana kwaso ma'aikatan jiragen sama daga Rabaul, aikin da ma ba nasa ba ne. A watan Maris suka nutsar da Akashi a Palau.