Ƙwallon Tsumma ta Umdurman

Turawan Ingila ne suka kawo ƙwallon ƙafa Sudan, ta barikin soja da Kwalejin Gordon da aka buɗe a Hartum a 1902. Amma a filayen unguwannin Umdurman ta yi saiwa. Yara kan cusa tsumma cikin safa su yi ta bugawa ba takalmi, wasan da suke kira dafuri. A garin aka kafa ƙungiyar Hilal a 1930. A 1970 kuwa Sudan ta ci Gana ɗaya da nema a Hartum, ta ɗauki kofin Afirka.

To, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya gudu, tsalle, jifa da cafewa tun yana ƙarami, shi ake kira wasa, kullum yana ƙara gogewa. Wanda bai iya ba, kunya kan zaunar da shi gefe, har ya balaga bai saba motsa jiki ba.

Yaƙin 2023 ya raba yaran Hartum da filayensu. Mu kuwa gine-gine ke cinye mana fili, waya na cinye lokaci. In an tashi karatu, mu bar yaranmu su yi langa.