Bernard Fagg, Mutanen Nok, da Kufan Ƙasarmu Ta Gobir

Ina so in tuna wa 'yan'uwa wani darasi da muka yi a ajin tarihi. Da wuya a sami ɗayanmu da bai haddace "al'adar Nok" ba saboda jarrabawa. Muka rubuta, muka ci, muka manta. Amma ba mu tsaya mun tambayi wanda ya tono labarin ba, balle mu tambayi ko ya shafe mu, mu da muka tashi a Unguwar Lalle da Sabon Birni da Isa. Nufina a nan in ba da tarihin wannan mutum da aikinsa, sa'an nan in nuna inda abin ya taɓo mu.

Sunansa Bernard Fagg, Baturen Ingila, an haife shi a 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zo Nijeriya a 1939. Da farko ma'aikacin gwamnati ne kamar da yawa daga cikinmu, aka tura shi Jos a matsayin ƙaramin jami'in mulki. A wannan zamani haƙar kuza ta kankama a ƙasar Jos da kewaye, kuma leburori sukan ci karo da abubuwa iri-iri a cikin rami. Tun a 1928 an tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba ta kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, aka kai Jos aka ajiye, ba wanda ya san ko mene ne.

A 1943 sai aka sake tono wani kai, wannan karon na mutum, a wata mahaƙar kuza kusa da Jama'a. Wani malamin mahaƙar ya ɗauka ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi. Sai da ya shekara a gonar kafin a kai shi Jos, ya isa hannun Fagg. Da Fagg ya dube shi, sai ya ga ƙirar ta yi kama da ta wancan kai na Nok, ga shi kuwa akwai tazara mai yawa tsakanin wuraren biyu. Daga nan ya gane cewa waɗannan abubuwa aikin wata al'umma ce guda da ta taɓa mamaye ƙasa mai faɗi. Shi ya laƙaba mata sunan Nok, saboda ba wanda ya san sunan da mutanen suke kiran kansu.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ainihin darasin. Ya bi mahaƙan kuza ɗaya bayan ɗaya yana roƙon masu kamfani da leburori, duk wanda ya tono wani abu kada ya fasa, kada ya yar, ya kawo, kuma ya faɗi ramin da aka same shi da zurfinsa. Sannu a hankali aka tara kawuna da gaɓoɓi na yumɓu masu yawa, da gatura na dutse, irin waɗanda muke kira gatarin aradu, da kayan ƙarfe. Duk abin da ya shigo sai ya rubuta inda ya fito. A 1947 ya koma ma'aikatar kula da kayan tarihi, a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos wanda shi ya tsaya a kan gininsa, a 1957 kuma ya zama shugaban ma'aikatar ta ƙasa baki ɗaya, ya riƙe har 1963.

Sai dai akwai matsala. Kayan da ake samu a mahaƙar kuza ruwa ne ya kwaso su ya cakuɗa da yashi da tsakuwa, don haka da wuya a san shekarunsu. Fagg ya yi ta neman wurin da mutanen suka zauna da kansu, har ya samu a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, inda ya yi tono a shekarun 1960. A can ya tarar da guntayen yumɓun Nok tare da wuraren narkar da tama, da kashin tama, da gawayi. Gawayin nan shi ne mabuɗi, domin tun ƙarshen shekarun 1940 masana kimiyya sun gano hanyar auna shekarun duk abin da ya taɓa rayuwa, kamar itace ko ƙashi, ta wani sinadari da ke raguwa a cikinsa a hankali bayan ya mutu. Awon ya nuna ana narkar da ƙarfe a Taruga ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wato sana'ar ƙira a ƙasar nan ta haura shekara dubu biyu.

Aikinsa bai tsaya a Nok ba. A 1944 ya yi tono a kogon dutsen Rop, inda ya sami ƙananan kayan aiki na dutse na mutanen da. A tsakiyar shekarun 1950 ya bayyana wa duniya zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Jihar Jigawa ta yanzu, tare da duwatsun da ake kaɗawa su yi amo kamar ƙararrawa. Ya rubuta maƙaloli a mujallun masana, kuma a 1977 ya fitar da littafinsa a kan yumɓun Nok. Daga Nijeriya ya koma Jami'ar Oksfod ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers. Ya mutu a 1987.

In aka auna tasirinsa, za a ga ya fi littattafansa yawa. Shi ya gayyato Thurstan Shaw ya yi tonon Igbo-Ukwu a 1959, kuma Shaw ne daga baya ya kafa sashen wannan fanni a Jami'ar Ibadan. 'Yarsa Angela Fagg ta gaje shi, ta yi tono a Samun Dukiya kusa da Nok. A 1968 Ekpo Eyo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ma'aikatar. A yau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe guda na wannan ilmi. Babban abin kuwa shi ne, a lokacin da wasu Turawa ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi kafin zuwan baƙi, sai ga hujja ta fito daga cikin ƙasa wadda ba ta da musu.

Ilmi kuwa ba ya tsayawa inda mai shi ya tsaya. Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, sun sake bin ƙasar Nok. Fagg ya ƙiyasta farkon al'ummar a wajen shekara 500 kafin Annabi Isa. Su kuwa suka gano ta faro tun wajen 1500 kafin haihuwarsa, wato sun ƙara mata shekara dubu. Sun gano gero ne babban abincin mutanen, suna kuma noman wake, har an sami alamar zuma a cikin tukwanensu. Wannan gyara bai rage darajar Fagg ba, domin da rubuce-rubucensa aka san inda za a fara.

To, ina Gobir a cikin wannan labari? A shekarun 1990 wasu kayan yumɓu suka fara bayyana a kasuwannin Turai, ana kiran wasu "na Sakkwato", wasu "na Katsina". 'Yan tonon sata ne suka haƙo su, dillalai suka tsallaka da su iyaka. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. A wannan shekara kuma aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne.

Ku duba bambancin. Kan da aka kafa a gonar doya ya buɗe tarihin shekara dubu uku, saboda an san ramin da ya fito. Na Sakkwato kuwa, duk da kyawunsu, sun zama bebaye. Wanda ya tono ya watsar da gawayin da ke gefensu, ya farfasa tukwanen, ya cike ramin ya tafi. Ya sami 'yan kuɗin da suka ƙare kafin kaka, mu kuma muka yi asarar shafi guda na tarihin kakanninmu.

Ga shi kuwa ƙasarmu cike take da kufai. Tarihin baka ya ce Gobirawa sun gangaro daga Asben, sun zauna a Birnin Lalle cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kafin Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya aka kafa Tsibiri da Sabon Birni. Wannan duk mun ji a bakin tsofaffi da makaɗa, wasu kuma a rubuce-rubucen malaman jihadi. Amma su wa Gobirawa da Zamfarawa suka tarar a wannan fadama? Yaushe aka fara narkar da tama a nan? Kirari ba zai amsa ba, sai ƙasa. A Marandet da ke kudu da Agadas, wurin da ake dangantawa da Gobirawan farko, masu tono sun sami dubban 'yan kasake na narkar da jan ƙarfe. Wa ya san abin da ke ƙarƙashin gonakinmu? Ni kaina ina yaro na sha tsintar tsingaro da kashin tama a bayan garma, mu yi jifa da su.

Na san wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga, mutane sun bar gonakinsu, wa ke ta tsingaro? Gaskiya ne, rai ya fi komai. Shi kansa Breunig an sace shi a ƙasar Kagarko a 2017, aka kashe mutum biyu da suka yi ƙoƙarin cetonsa. Wani kuma zai ce gumaka ne. Amsa ita ce ba bauta musu za a yi ba. Shaida ce ta mutanen da suka shuɗe, kuma addininmu bai hana mu lura da labarin na baya don mu ɗauki izina ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗi. Cikinmu akwai malaman makaranta, da malaman gona, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da masu sarauta. In aka tono wani abu wajen haƙar rijiya ko ginin hanya, kada a fasa, kada a sayar, domin doka ta hana. A bar shi inda yake in zai yiwu, a ɗauki hotonsa da waya, a rubuta sunan wurin da zurfin ramin da ranar da aka gani, a sanar da hakimi da hukumar gidajen tarihi. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara ta buɗe littafi guda, kowa ya rubuta kufan da ya sani a garinsu da abin da tsofaffi suka faɗa a kansu, tun suna raye, a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu. Ranar da zaman lafiya ya dawo, in Allah Ya so, ɗalibin da zai zo daga Zariya ko Sakkwato, ko ma ɗaya daga cikin ƙannenmu, zai san inda zai fara.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya.