Yunwa, Ƙanjamau da Ciwon Damuwa a Tsakanin Masu Tarin Fuka: Matsalar Ma'auni

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar ƙarancin abinci da ƙanjamau da ciwon damuwa a jikin mai tarin fuka. Ta nuna cewa yunwa ce ke ɗaure sauran, kuma ma'aunin da ake gwada damuwa da shi ba ya iya raba ta da yunwar.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a 2023, miliyan 1.25 suka rasu, 161,000 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma tuwon da majinyaci zai ci na wata shida daga aljihunsa zai fito, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Tattaunawa

Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, ya fi shiga jiki idan an sha kafin karin kumallo. Bayan 'yan makonni sha'awar abinci takan dawo da ƙarfi, sai ka ji majinyaci yana cewa magani ya fi ƙarfinsa, alhali tukunya ce ba a ɗora ba. Mai ƙanjamau nauyinsa biyu ne, domin rifamfisin yana rage ƙarfin maganin ƙanjamau dolutegrabir, dole a ninka masa shi safe da yamma. Ga ɓoye kwalbar magani don gudun tsangwama, ga leburan da ya daina fita nema. A haka ake fara tsallake magani.

Gwajin RATIONS da aka yi a jihar Jarkand ta Indiya, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2023, ya raba kayan abinci ga majinyata 2,800, da kuma iyalan kusan rabinsu. Kamuwa da cutar a gidajen da iyalai suka samu abincin ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin ɗari, kuma majinyatan da suka yi saurin ƙara nauyi a wata biyun farko sun fi tsira da rai. Shinkafa da wake da mai ne suka yi wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne awon damuwa. Takardar PHQ-9 mai tambayoyi 9 tana tambayar gajiya, rashin barci, rashin cin abinci da kasa tattara hankali. Wanda ya kwana da yunwa yana tari da gumin dare zai amsa da e, ko da zuciyarsa lafiya lau. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mai damuwar gaske yakan ce "sai godiya" ya yi shiru, musamman idan miji ko suruka na tsaye a kansa. A ganina, makin da aka samu ranar fara magani ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Ya kamata a maimaita awon bayan wata biyu, a keɓe, da Hausa, tare da auna nauyi da tambayar sau nawa aka ci abinci a gidan jiya.