Cibiyar Hikma ta Dandaji

Cibiyar Hikma gini ne na jama'a da ke garin Dandaji, a gundumar Illela ta jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar. Ta ƙunshi masallacin Juma'a da ɗakin karatu da azuzuwan koyon karatu da rubutu. Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran ne suka zana ta, aka kammala aikin a shekarar 2018.

Ɗakin karatun tsohon masallacin garin ne da aka gyara maimakon a rushe shi. Alhaji Falke Barmu ne ya gina shi, magini ɗan gargajiya wanda masallacin da ya gina a Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. An ƙara wa tsohon masallacin na Dandaji bene a ciki da kantocin littattafai.

Sabon masallacin yana ɗaukar masallata kusan 1,000. An gina shi da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, ba a gasa ba. Dogayen tagoginsa sirara suna shigo da hasken rana da iska, kaurin bangon kuma yana tare zafi, don haka ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Akwai tanki a ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina domin shayar da itatuwan harabar.

Zanen ya ci lambar zinariya ta LafargeHolcim ta shiyyar Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ya sami ta azurfa a matakin duniya a 2018.