Asalin Masoro

Duk mai sayar da kayan yaji a kasuwar Birnin Gwari ba ya rasa masoro a gefen citta da kanumfari da kimba. Yaro kan ɗauka daga dajin nan na Kamuku ake tsinko shi, tunda daga can ɗorawa da kaɗanya suke fitowa. A'a, masoro baƙo ne. Kamuku dajin doka ne da maje da kawo, rani kan yi wajen wata biyar babu ɗigon ruwa, ga hunturu. Shi kuwa masoro yaɗo yake yi. Yakan manne wa itace da 'yan saiwoyin da ke fita a gaɓoɓinsa, ya hau sama, kuma ba ya rayuwa sai inda akwai inuwa da laima da ruwan sama mai yawa.

Iri biyu ne. Wanda kakanninmu suka sani na kurmi ne, daga ƙasar Yarabawa da Bini da Ibo har Asante. Ka duba ƙwayarsa da kyau, za ka ga 'yar wutsiya a gindinta. Birnin Gwari tana kan hanyar fataken Gwanja, masu tashi daga Kano su bi ta Zariya, su ƙetare kogin Kwara, su komo da goro da kayan kurmi. Yau ma daga kudu motoci ke hauro da shi ta Jebba da Tegina.

Ɗaya irin, mulmulalle marar wutsiya, asalinsa gaɓar Malabar ce a kudancin Indiya. Sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Ana tsinke su tun suna kore, a shanya a rana har su yi baƙi su yamutse. Tun da daɗewa ake fataucinsa, don an samu ƙwayoyinsa a hancin gawar Fir'auna Ramsis na Biyu. Larabawa suka daɗe suna kai shi Turai da tsada, har Vasco da Gama ya zagaye Afirka ya isa Kalikut a 1498 don neman tushen kayan. Yanzu Biyetnam ta fi kowa noma shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, namu na kurmi ya riga ya isa Lisbon kafin wannan tafiya ta Vasco da Gama. Mutanen Fotugal sun saye shi a Bini tun wajen 1486, ya kuwa karɓu. A 1506 sarkinsu ya hana shigo da shi, don kada ya karya farashin na Indiya. A ganina wannan doka, ba rashin daɗi ba, ita ta mayar da shi kayan gida.

Mu kam ba mu sake shi ba. Yana cikin yajin mai jego, da fura, da kilishi, da shayin mai mura. Tsofaffi kan daka shi su haɗa da zuma don tari, ko a ba mai kumburin ciki. Zafinsa daga wani sinadari ne mai suna fiferin, wanda ke tsinko yawu da ruwan narkar da abinci. Saboda wannan zafin, mai gyambon ciki ya rage shi, kuma tarin da ya wuce mako biyu na asibiti ne, ba na turmi ba.